Yadda bam ɗin Hiroshima ya haifi Hulk da Spider-Man: Fashin baƙi kan littattafan zane da zamanin nukiliya

Me ya sa a labarin Spider-Man, gizo-gizon da tururin nukiliya ya ratsa ya ciji yaro, amma maimakon a kwashe shi zuwa asibiti sai ya wayi gari yana hawa bango? Me ya sa bam ya tashi da Bruce Banner bai mutu ba, sai ma ya rikiɗa ya zama Hulk, ƙaton da harsashi ba ya hudawa? Tambayar ta dace da wannan lokaci, domin maganar nukiliya ta dawo bakin jama'a: rikicin Iran, barazanar da ake ji tun da aka fara yaƙin Rasha da Yukren, taƙaddamar yuraniyom tsakanin Nijar da Faransa, ga kuma cika shekara 80 da jefa bam a Hiroshima a 2025. Matasa da yawa kuwa hoton farko da suka samu na wannan abu daga finafinan waɗannan jarumai ya zo, irin waɗanda ake tura wa juna a waya, wasu ma da fassarar Hausa.

Finafinan sababbi ne, amma jaruman tsofaffi ne. An ƙirƙire su a birnin New York tsakanin 1961 da 1964, a cikin 'yan littattafai masu arha, a ƙasar da ta ƙera bam ɗin kuma ta jefa shi. Wannan na ƙarshe shi ne mabuɗin fahimtar al'amarin, domin a ƙasar da bam ɗin ya faɗa wa, wani zane daban aka yi.

Me ake nufi da littattafan zane da zamanin atom?

Littafin zane ɗan siririn littafi ne mai kamar mujalla, da ake ba da labari a cikinsa da jerin hotuna, kowane hoto cikin akwatinsa, maganar mutane kuma a rubuce cikin wani kumbo da ke fitowa daga bakinsu. A Amurka sana'ar ta kankama ne a 1938, lokacin da Superman ya fito a Action Comics na farko, aikin wasu samari biyu daga garin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster. Senti 10 ake sayar da kwafi. A farkon shekarun 1950 ana ƙiyasta cewa kwafi miliyan 80 zuwa 100 ake sayarwa duk wata, kuma kowanne yakan bi hannu da yawa kafin ya yage. Don haka abin da aka zana a ciki ya fi jawabin shugaban ƙasa isa ga yara.

Shi kuwa zamanin atom ya fara ne ranar 16 ga Yulin 1945, sa'ad da Amurka ta gwada bam ɗinta na farko a hamadar New Mexico. Ranar 6 ga Agusta ta jefa ɗaya a Hiroshima, ranar 9 ta ƙara wani a Nagasaki. Zuwa ƙarshen shekarar, kimanin mutum 140,000 sun mutu a Hiroshima, kimanin 70,000 a Nagasaki. Atom dai shi ne ƙwayar zarra da ake gina kowane abu da ita. Idan aka tsaga cibiyar mai nauyi irin ta yuraniyom, zafi mai tsanani yakan fito, tare da wani tururi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma yana ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin halitta. Masu tara tsofaffin littattafan zane sukan kira shekarun da ke tsakanin ƙarshen yaƙin duniya na biyu da 1956 zamanin atom, sai dai jigon ya zarce wannan iyaka da nisa.

Lokacin da gwamnati ta tsawata wa Superman

Tun kafin duniya ta san da bam ɗin, masu zane sun riga sun taka wa gwamnati sawu. A watan Afrilun 1945, wani labarin Superman da ke fita a jaridu ya nuna ana gwada ƙarfinsa da na'urar farfasa atom. Marubucin, Alvin Schwartz, ba shi da wani sirri. Abin da ya karanta a mujallun kimiyya na kasuwa ya ɗora labari a kai. Amma a lokacin ana tsakiyar aikin ƙera bam a ɓoye, wanda aka sa wa suna Manhattan, sai jami'ai suka tuntuɓi kamfanin suka ce a bar zancen atom. Wani labarin kuma, inda mugun nan Luthor ya jefi Superman da bam ɗin atom, ajiye shi aka yi sai farkon 1946 ya fito.

Ana gama yaƙi kuwa sai abin ya zama kayan talla. Jarumai masu atom a sunansu suka yi ta ɓullowa, irin su Atoman da Atomic Thunderbolt, akasarinsu ba su yi ƙarko ba. A ƙarshen 1946, bayan gwajin da Amurka ta yi a tsibirin Bikini, bangon Action Comics ya nuna Superman riƙe da kyamara yana ɗaukar hoton hayaƙin bam, kamar ɗan jarida a wajen biki.

Atom abokin kowa

Nan ne gwamnati da manyan kamfanoni suka gane amfanin waɗannan 'yan littattafai. Kamfanin General Electric ya buga nasa a 1948 don raba wa 'yan makaranta. A 1949 aka fitar da Dagwood Splits the Atom, inda wani sanannen magidanci na labarun barkwanci yake koyon yadda ake tsaga atom, kuma Janar Leslie Groves, sojan da ya jagoranci ƙera bam ɗin, shi ya rubuta gabatarwar. Saƙon ɗaya ne: kada ku ji tsoro, wannan abu zai ba da wutar lantarki mai arha, zai warkar da cuta, kuma yana hannun masu hankali.

Sai ga Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bam ranar 29 ga Agustan 1949. Daga nan murya ta ɗan sauya. Hukumar kare farar hula ta fito da wani kunkuru mai suna Bert, a fim da kuma ɗan littafin zane, yana koya wa yara cewa da zarar sun ga walƙiya su durƙusa ƙarƙashin tebur su rufe kai. Wani kamfani ya buga Atomic War! a 1952, bangonsa na nuna New York tana rugujewa, amma rubutun da ke kai yana cewa Amurka mai ƙarfi ce kaɗai za ta hana haka faruwa, wato a ƙara ƙera makamai. Mafi ban mamaki a gare ni shi ne Atomic Mouse na 1953, wani ɓera da ke haɗiyar ƙwayoyin yuraniyom kamar maganin ƙarin jini ya samu ƙarfi. An yi shi ne don ƙananan yara, shekara takwas kacal bayan Hiroshima.

Kada a ɗauka masu zane ne kaɗai suka haukace. A daidai wannan lokaci ana gwada bama-bamai a sararin hamadar Nevada, otal-otal na Las Vegas kuma suna tallata wa baƙi cewa za su ga hayaƙin daga saman bene. Mutanen ƙauyukan da iska ke kai wa toka, da 'yan ƙabilar Navajo da ke haƙar yuraniyom, sai a 1990 aka yi dokar biyansu diyya.

Akwai dai waɗanda ba su bi wannan layi ba, kuma kusan dukkansu a kamfani ɗaya suke, EC, na William Gaines. Mujallunsa na labarun kimiyya sun sha nuna duniya bayan yaƙin nukiliya, babu gwani babu jarumi. A 1953 Harvey Kurtzman ya rubuta wani gajeren labari, Wally Wood ya zana, wanda ya bi wani iyali na Japan a Nagasaki ranar da bam ya faɗo. A Amurkar wancan lokaci, nuna Bajapane a matsayin mutum mai kaka da jikoki ba ƙaramar kasada ba ce.

Dokar 1954 da ƙofar da ta bari a buɗe

Iyaye da malaman coci sun daɗe suna ƙorafi a kan littattafan zane. A 1948 har ƙona su aka yi a bainar jama'a a garin Binghamton. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana ɗora musu alhakin kangarewar yara, kwamitin Majalisar Dattawa ya yi zama a kai a watan Afrilu, aka kira Gaines ya sha tambayoyi. Shekaru da yawa bayan haka, a 2012, wata mai bincike, Carol Tilley, ta duba takardun Wertham ta gano ya yi wa bayanan yaran da ya dogara da su kwaskwarima. Amma a lokacin aikin gama ya gama.

Don gudun kada gwamnati ta sa musu doka, kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu a ƙarshen 1954. Akasarin littattafan da ba su da hatiminta, dillalai ba sa ɗauka a lokacin. Ƙa'idojin sun ce dole nagari ya yi nasara a kan mugu, ba a zubar da mutuncin ɗan sanda ko alƙali ko jami'in gwamnati, kuma an haramta masu shan jini, gawarwaki masu tafiya da mutanen da ke rikiɗa su zama kyarkeci. EC ya rufe kusan duk mujallunsa.

Abin lura a nan: an hana dodon tsafi, ba a hana dodon kimiyya ba. Mai zanen da ke son ya tsorata yaro ya kuma tsallake almakashin masu tacewa, hanya mafi sauƙi ita ce ya ce tururin gwajin bam ne ya taɓa ƙadangare ko tururuwa ta zama ƙatuwa. Aikin da aljani ko zoben tsafi ke yi a tatsuniya, shi tururin nukiliya ya karɓa: da an ambace shi, ba mai tambayar ta yaya. Dokar ta kuma toshe bakin masu sukar hukuma. Wato an bar nukiliya a matsayin abin al'ajabi, an cire ta a matsayin abin tuhuma.

Shekaru huɗu na Marvel

A kan wannan turba Stan Lee da masu zane Jack Kirby da Steve Ditko suka gina gidan da ake cin arzikinsa har yau, wato kamfanin Marvel. A dubi jerin. Nuwamban 1961, Fantastic Four: mutum huɗu sun yi gaggawar harba kumbo don kada 'yan gurguzu su riga su, tururin sararin samaniya ya ratsa su, kowa ya dawo da wata baiwa. Mayun 1962, Hulk: masanin kimiyya ya ƙera wa soja bam ɗin gamma (wani nau'in tururin nukiliya), ya ruga filin gwaji don ceton wani saurayi, mataimakinsa wanda ɗan leƙen asirin Sobiyet ne ya ƙi dakatar da ƙidaya. Agustan 1962, Spider-Man. A 1963, X-Men, waɗanda aka haifa da sauyin halitta. Shugabansu ya faɗa tun a fitowar farko cewa iyayensa sun yi aiki a shirin bam ɗin atom. A 1964, Daredevil: wani abu mai tururi ya faɗo daga mota ya makantar da yaro, amma ya kaifafa masa ji da shinshina. Hatta miyagun haka suke. Doctor Octopus masanin nukiliya ne da hatsari ya manne wa hannayen ƙarfe.

Lee bai taɓa ɓoye cewa bai san kimiyya ba. Ya sha faɗa a hirarraki cewa daɗin sunan gamma ya ji, kuma da ya gaji da neman sabon hatsari ga kowane jarumi sai ya ce X-Men haka aka haife su. To amma me ya sa wannan dabara ta karɓu? Domin abin da ke cikin jaridu ke nan. A 1958 aka gano ɗamarar tururi da ke kewaye da duniya, wadda aka sa wa sunan Van Allen. A garin St. Louis, masu bincike suna karɓar haƙoran da yara suka famfare suna aunawa, suka tarar da sinadarin strontium-90 na gwaje-gwajen bam ya bi ciyawa da nonon shanu ya shiga ƙashin yara. Tun 1927 Hermann Muller ya nuna cewa irin wannan tururi yana sauya ƙwayoyin gado na ƙudaje, ya kuma samu kyautar Nobel a 1946. A Oktoban 1962, wata biyu bayan fitowar Spider-Man, rikicin makamai masu linzami na Kyuba ya kai duniya bakin rami. Sai a 1963 Amurka, Sobiyet da Birtaniya suka yarda su daina gwaji a sarari da cikin ruwa.

Yaron da ke karanta waɗannan labarai ya san ana maganar guba a madararsa. Littafin sai ya ce masa: wannan abin da kake tsoro, wataƙila shi zai mai da kai gwarzo. A yi wa Marvel adalci, baiwar ba ta zuwa kyauta. Banner ba ya iya riƙe dodon da ke cikinsa, sojojin da suka sa shi aikin su ke farautarsa. Ben Grimm na Fantastic Four ya zama dutse, yana ƙyamar kansa. Mutane na gudun X-Men. Fargabar tana nan a ciki. Sai dai ko a mafi munin hali, jarumin yana raye, yana da ƙarfi, kuma za a sayi ci gaban labarinsa wata mai zuwa.

Abin da tururin ke yi wa jiki a zahiri

An taɓa samun Banner na gaskiya. A watan Mayun 1946, a cibiyar ƙera bam ta Los Alamos, wani masani ɗan Kanada, Louis Slotin, yana gwaji da dunƙulen plutoniyom, ƙarfen da ake yin bam da shi, sai sukudireba ta zame masa. Haske shuɗi ya walƙa, ya yi wuf ya raba ƙarafan. Bayan kwana tara ya mutu. Tururi mai yawa a lokaci guda yana kashe ɓargon da ke yin jini, ya saɓule hanji, gashi ya zube, jiki ya kasa yaƙar ko ƙaramar cuta. Kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci kuma yana ƙara haɗarin ciwon daji bayan shekaru.

Koren launin da ake dangantawa da nukiliya ma yana da asali. A shekarun 1920 ana shafa wa agogo fenti mai sinadarin radiyom don ya yi haske kore da dare. 'Yan matan da ke wannan aiki a New Jersey sukan tsotsi bakin burushi don ya yi tsini, da yawa muƙamuƙansu suka ruɓe, suka mutu. Shi kuwa Hulk da ruwan toka aka fara buga shi. Injin ɗab'i ne ya kasa fitar da launin daidai, aka mai da shi kore a fitowa ta biyu.

Zanen waɗanda bam ya faɗa wa

A Japan, hukumomin mamayar Amurka sun taƙaita abin da za a buga game da illar bam ɗin har zuwa 1952. A wannan shekara Osamu Tezuka ya fara Tetsuwan Atomu, wanda duniya ta sani da Astro Boy: yaro ɗan mutum-mutumi mai aiki da makamashin nukiliya, mai tausayi, ƙanwarsa ma sunanta Uran, daga yuraniyom. Don haka ba daidai ba ne a ce Japanawa duk tsinuwa suka yi wa atom. Su ma sun yi fatan a mai da shi abin alheri, kuma ƙasar ta gina tashoshin lantarki na nukiliya masu yawa, har hatsarin Fukushima na 2011.

Amma ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a Bikini, mai ƙarfin na Hiroshima kusan sau dubu. Tokarsa ta zubo wa mutanen tsibirin Rongelap da wani jirgin kamun kifi na Japan mai ma'aikata 23. Dukkansu suka kwanta ciwo, mai kula da rediyon jirgin ya mutu bayan wata shida, mutane suka ƙaurace wa kifi a kasuwa. A Nuwamban shekarar fim ɗin Godzilla ya fito. A can tururin bai haifi mai ceto ba, dodon da ke taka birnin Tokyo ya tayar.

Mutumin da ya fi kowa cancantar a tsaya a kansa shi ne Keiji Nakazawa. Yana da shekara 6, yana bakin makarantarsu a Hiroshima, katangar makarantar ce ta kare shi daga zafin. Mahaifinsa, yayarsa da ƙanensa sun mutu a ƙarƙashin gidansu da ya rufta ya kama wuta. Mahaifiyarsa mai tsohon ciki ta haihu a ranar, jaririyar ba ta yi wata da yawa ba ta rasu. Ya girma ya koma Tokyo yana zanen labarun yara, ba ya zancen bam, domin ana ƙyamar waɗanda suka tsira, ana gudun aurensu. Da mahaifiyar ta rasu a 1966 aka ƙone gawarta bisa al'adarsu, ya ce da ya je tattara ƙasusuwa bai samu komai ba sai toka, kuma ya yi imani tururin ne ya cinye su. Wannan ne ya sa ya ɗauki alƙalami. Daga 1973 ya fara Hadashi no Gen, labarin wani yaro mai yawo ba takalmi a kangon Hiroshima, a mujallar samari ta Shonen Jump, ya kai juzu'i 10.

Abin da ya zana ba shi da daɗin kallo: mutane na tafiya fata na rataye a yatsunsu, gilashi ya cika jiki, tsutsa a cikin gyambo. Kuma bai tsaya ga Amurka ba. Ya caccaki sarkin Japan da janar-janar ɗin da suka jefa ƙasar cikin yaƙi, ya nuna ta'asar sojojinsu a ƙasashen Asiya da wulaƙancin da aka yi wa Koriyawa. Shi ya sa har bayan rasuwarsa a 2012 littafin bai huta ba. A 2013 aka yi ce-ce-ku-ce bayan hukumar ilimi ta garin Matsue ta taƙaita wa ɗalibai karanta shi, dole ta janye. A 2023 hukumar ilimi ta Hiroshima kanta ta cire shi daga wani kundin darasin zaman lafiya na 'yan firamare.

Farfaganda ce ko gargaɗi?

Masu nazari sun rabu. Wasu na cewa aikin hukuma ne, suna kafa hujja da gabatarwar Janar Groves, kunkuru Bert da miyagun 'yan gurguzu da suka cika labarun Marvel na farko. Wasu na cewa a'a, nan ne kaɗai yaro ya ga fargabar da manya ke ɓoyewa, suna nuna Hulk da EC. Akwai kuma masu cewa kasuwa ce kawai: an samu kalmar da ke sayar da littafi, aka yi ta maimaitawa.

Ni ina ganin na ukun sun fi kusa da gaskiya game da niyya, na farkon kuma game da sakamako. Ba sai wani ya ba Lee umarni ba. Dokar tacewa da son ciniki sun isa. Hujja ita ce yadda aka yar da dabarar da zarar tsoron jama'a ya koma wani wuri. A fim ɗin Spider-Man na 2002, gizo-gizon ba na nukiliya ba ne, wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta ne a ɗakin bincike, domin abin da ake fargaba ke nan a lokacin.

Sukar gaske a Turai da Amurka sai a shekarun 1980 ta fito, bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979 da sabon zafin yaƙin cacar baka. A 1982 Raymond Briggs na Birtaniya ya zana wasu tsofaffin mata da miji da suka bi takardar shawarwarin gwamnati sau da ƙafa, suka jingina ƙyaure a bango suka ɓuya, tururin ya kashe su a hankali suna jiran agaji. A 1986, shekarar da tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe, Alan Moore da Dave Gibbons suka fara Watchmen, inda masanin da hatsari ya mai da shi mai ikon komai aka sa masa suna Doctor Manhattan, gwamnati ta mai da shi makami, shi kuma ya daina damuwa da 'yan Adam.

Ƙasar da aka haƙo ma'adinin

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Kaso mafi tsoka na yuraniyom ɗin da aka yi aikin Manhattan da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ya fito, a lardin Katanga na Kwango, lokacin mulkin Beljiyam. Tun 1940 aka yi jigilar fiye da tan dubu zuwa wani sito a New York. Leburorin da suka haƙo shi ba su samu ko akwati ɗaya a waɗancan littattafai ba. Abin da ya fi kusa shi ne Wakanda, ƙasar Black Panther da Lee da Kirby suka ƙirƙira a 1966, wadda ke zaune a kan wani ƙarfe na al'ajabi da Turawa ke kwaɗayi. Wasu masu sharhi na ganin inuwar Kwango a ciki, da bambanci guda: a zane sarkin ya riƙe ma'adininsa, a zahiri an kashe Patrice Lumumba a Katanga a Janairun 1961.

A wannan watan ne gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa ta kori jakadanta, saboda gwajin bam da take yi a Reggane cikin hamadar Aljeriya tun 13 ga Fabrairun 1960, a yankin da iskar hunturu ke tasowa. Bayan shekara goma aka fara haƙar yuraniyom a Arlit, a arewacin Nijar.

Ina abin ya shafi talaka?

Wuri biyu. Na farko asibiti: akwai mai gudun hoton ƙirji ko na'urar gasa ciwon daji saboda ya ji sunan tururi. Abin da hoton ƙirji ɗaya ke bayarwa kaɗan ne ƙwarai, bai wuce abin da jiki ke samu daga ƙasa da iska cikin 'yan kwanaki ba. Mai juna biyu ce ake so ta sanar da ma'aikaci tukuna.

Na biyu ya fi haɗari, kuma 'yan gwangwan ya fi shafa. A Satumban 1987, a garin Goiania na Brazil, wasu mutum biyu suka kwance wata na'urar gasa ciwon daji daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka sayar wa dillalin ƙarafa. A ciki akwai gari mai walƙiya shuɗi da dare, sinadarin caesium-137. Mutumin ya kai gida, ya nuna wa dangi, wasu suka shafa a jiki don sha'awa. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, kusan 250 suka gurɓata, aka auna fiye da mutum 100,000, aka rushe gidaje. A Arlit ma, wani rahoton ƙungiyar Greenpeace na 2010 ya ce an samu ƙarafan mahaƙa masu tururi ana sayar da su a kasuwa.

Alamar gargaɗin da aka saba da ita ita ce fuka-fukai uku a kan rawaya. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta gano cewa mutane da yawa ba su san ma'anarta ba, wasu yara ma farfela suka ɗauke ta. Shi ya sa a 2007 aka ƙara wata: ja ce mai kusurwa uku, da ƙoƙon kai da ƙasusuwa, da mutum yana gudu. Ba a liƙa ta a ƙofa ko a jikin mota. A can cikin na'urar ake sa ta, inda sai mai kwance ta da guduma zai gani.